Yadda nake koyar da ilimin sararin samaniya a ajin JSS a nan Legas, daga sanda da inuwa har zuwa kallon wata

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Duk wanda ya taɓa riƙe darasin kimiyya a ƙaramar sakandare ya san akwai babin da yawancinmu muke bi ta kansa da gudu, wato babin rana da wata da duniyoyi da husufi, a zana da'ira tara a allo, yara su kwafa, su haddace sunaye, shikenan an wuce. Yaro zai jero maka duniyoyi 8 ba gargada, ya ci makinsa a BECE, jarrabawar gama JSS, amma ka tambaye shi yau da magariba ta wane ɓangare wata zai fito sai ya tsaya yana kallonka. Wannan abin yana damuna sosai, domin yaranmu na Hausawa sun taso ne a gidan da ake lissafin azumi da wata, ake duba lokacin sallah da rana, wato rabin darasin yana nan a gidansu tun kafin su shigo aji.

Kuma dan Allah kar wani ya ce min ai Legas babu sama. Gaskiya ne akwai fitilu, akwai hayaƙin janareta, akwai gajimare, ga benaye sun tare ko'ina, ƙananan taurarin da muke gani a ƙauye ba za ka gansu a Agege ko Idi-Araba ba. Amma rana tana nan, wata yana nan, Zara tana fitowa tas, kuma waɗannan ukun sun ishe ka koyar da kusan duk abinda ke cikin manhaja. Ga yanda nake bi.

Mataki na farko, gyara sunan darasin kafin ya isa gida

Wannan ba ya cikin littafi amma in ka tsallake shi zaka sha wahala. In yaro ya koma gida ya ce malam ya fara koya mana ilimin taurari, abinda zai fara zuwa ran mahaifinsa shi ne duba da bokanci, irin na wane tauraronsa kaza ne, aurensu ba zai yi ba. Toh tun ranar farko ka raba musu biyun a fili. Ka ce abinda za mu yi shi ne ilimin falaki, auna tafiyar rana da wata da sanin nisansu da girmansu, irin wanda ake fitar da jadawalin lokutan sallah da shi, ake gane alƙibla da shi. Ɗayan kuma na cewa tauraro yana faɗin arzikin mutum, ba ruwanmu da shi, kimiyya ma ba ta yarda da shi ba. Ina kuma gaya musu cewa malaman Musulunci irin su Albattani da Albiruni sun yi aiki babba a wannan fanni, har yau taurari da yawa sunan Larabci suke amsawa a littattafan Turawa, kamar Aldabaran. In da hali ka rubuta 'yar takarda layi huɗu kowa ya kai gida, tunda nan gaba zaka buƙaci iyaye su bar yara su leƙa waje bayan magariba.

Mataki na biyu, ka tambaya kafin ka koyar

Firiyod ɗin farko ba na rubuta komai a allo sai tambayoyi. Ina rana take zuwa da dare? Me ya sa 'yan uwanmu na Kano suke riga mu shan ruwa da azumi? Me ya sa wata yake fara wa siriri ya cika ya sake ramewa? Kowa ya rubuta amsarsa a takarda ya sa suna, na karɓe na ajiye, ba maki ba gyara. A nan zaka ga abinda ke kansu na gaskiya, kuma zaka tarar kusan duk ajin sun ɗauka inuwar duniya ce take rufe wata shi ya sa yake zama rabi, wannan kuskuren ka riƙe shi da kyau don shi ne mafi taurin kai.

Sannan ka tambayi sunayen da suka ji a gida. Zara matar wata, Gamzaki mai fitowa da asuba, Kaza da 'ya'yanta, tauraro mai wutsiya. Tunda ajin Legas gauraye ne ka tambayi yaran Yarbawa da na Ibo su ma, Yarbawa suna ce wa Zara Aguala, wasu suna kiranta karen wata saboda yanda ake ganinta kusa da shi. Da zarar yaro ya ji sunan da kakarsa take faɗa ya shigo darasin kimiyya, zamansa ma a kujera canzawa yake.

Mataki na uku, sanda da inuwa

Kayan aiki: sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita 1 daidai, alli ko ƙananan duwatsu, tef na tela, sai fili mai lebur da rana ke samu daga safe zuwa tashi. Ka kafa sandar a tsaye cak, in ƙasar siminti ce ka sa ta a gwangwanin madara ka cika da yashi. Don ka tabbata bata karkace ba ka ɗaura dutse a zare ka sake shi kusa da ita, su yi daidai.

Daga ƙarfe 9 duk bayan minti 30 yara biyu su fita su sa alama a ƙarshen inuwar, su auna tsawonta, su rubuta lokaci. Ka roƙi sauran malamai tun jiya su yi haƙuri da fitar yaran. Wajen ƙarfe 12 zuwa 1:30 a koma duk minti 10. Abinda za su gano da kansu shi ne inuwa tana gajarta har ta kai wani wuri sannan ta fara tsawo, kuma wannan wurin ba ƙarfe 12 bane. A Legas tsakiyar rana ta gaskiya tana faɗuwa tsakanin 12:30 da 1:00 gwargwadon watan da ake ciki, dalili kuwa agogon Najeriya an saita shi ne da layin digiri 15 gabas, mu kuma muna wajen digiri 3 da rabi, can yamma. Kaga nan sai ka ce musu wannan lokacin da inuwa ta fara ƙaruwa shi ne zawali da liman yake magana, daga nan azahar ta shiga. Wallahi duk shekara a wannan gaɓar sai na ga fuskar wasu ta buɗe.

Daga nan amsar tambayar shan ruwa ta fito. Duniya tana juya digiri 360 a awa 24, wato digiri 15 a awa ɗaya, digiri 1 a minti 4. Kano tana gabas da mu da kusan digiri 5, ka bar su su ninka da kansu, minti 20 kenan. Maiduguri kusan minti 40. Faɗuwar rana tana ɗan bambanta da haka saboda su sun fi mu arewa, amma azahar dai lissafin yana fita.

In kana da abokin aiki a wata makaranta a Kano toh ga wani abu mai daɗi, ku auna zagayen duniya gaba ɗaya. Wani masani Bagirke mai suna Eratostenis ya yi haka a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce, da inuwa kawai. Ku zaɓi rana ɗaya a tsakiyar Janairu, kowa ya auna inuwa mafi gajarta ta sandar mita 1 a garinsa. A Legas zaka samu wajen santimita 52, a Kano wajen 65. Yara su zana sandar da inuwar a takardar giraf da ƙaramin sikeli, su haɗa kan sanda da ƙarshen inuwa, su auna kusurwar saman da wancan rabin da'irar na cikin mas-set. Legas za ta ba da kamar digiri 27 da rabi, Kano 33, bambanci 5 da rabi. Tazarar kudu zuwa arewa tsakanin garuruwan biyu a taswira wajen kilomita 610 ce, kar a ɗauki nisan titin mota don shi kwana-kwana ne. A raba 360 da 5.5 a ninka da 610, zai ba da kusan kilomita 40,000, kuma haka zagayen duniya yake. Ko sun samu 36,000 ko 44,000 ka yaba musu ka tambaye su ina suke ganin kuskuren ya shigo, sandar ce ta karkace ko ƙarshen inuwar ne bai fita sosai ba.

Kar ka cire sandar nan, a riƙa aunawa sau ɗaya a sati. Za su lura a Disamba inuwar azahar tana kallon arewa, a Yuni tana kallon kudu, sannan wajen farkon Afrilu da farkon Satumba sandar kusan bata da inuwa kwata-kwata don rana tana bisa kanmu daidai. Littattafan da aka rubuta a Turai ba za su gaya maka wannan ba saboda su rana bata taɓa hawa kansu.

Mataki na huɗu, dare da rana da lokutan shekara

In makaranta tana da gulob, wato ƙwallon taswirar duniya, madalla, in babu lemo da tsinken tsire sun wadatar. Soka tsinken ya ratsa lemon daga sama zuwa ƙasa, zana layi a cikinsa da biro ya zagaye shi, shi ne ikwaita, ɗan sama kaɗan ka ɗiga Legas, gaba da ita ta gabas ka ɗiga Makka. A rufe tagogi, yaro ɗaya ya riƙe tocila, a juya lemon daga yamma zuwa gabas, su ga Makka ta riga shiga haske, ta kuma riga shiga duhu. Za a tambaye ka in duniya tana juyawa me ya sa bama ji, tunda a Legas gudun juyawar ya kai kusan kilomita 1,660 a awa. Ka tuna musu jirgin ƙasa na Ibadan in ya miƙe yana tafiya sumul, ruwan da ke kofi baya zubewa, sai an taka birki ko an kwana ake ji, ita kuma duniya bata birki.

Sai ka karkata tsinken kaɗan, digiri 23 da rabi, ka zagaya da lemon kewaye da tocilar ba tare da ka canza inda tsinken yake kallo ba. Nan ne mutane da yawa suke kuskure har da manya, suna cewa zafi yana zuwa ne don mun matso kusa da rana. A'a. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kilomita miliyan 147, lokacin da muke cikin hunturu, ta fi nisa a farkon Yuli, miliyan 152. Karkatar ce take kawo bambancin. Misalin da yake shiga kansu shi ne azumin 2016 da ya faɗo a watan Yuni, 'yan uwa a Ingila suna yini mai tsawon fiye da awa 16, mu a nan yininmu bai cika wuce awa 12 da rabi ba ko a wane wata. Kuma ka bayyana musu namu lokutan damina ne da rani, iskar da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma ita ke kawo ruwa, wadda ke tasowa daga Sahara ita ke kawo hazo da sanyi, kar su haddace lokuta huɗu na Turawa su ɗauka namu ne.

Mataki na biyar, littafin wata, wannan shi ne zuciyar aikin

Ka jira a sanar da tsayuwar sabon wata, duk wata ana fitar da sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi ba sai azumi ba. Kowane yaro ya ware shafuka a bayan littafinsa ya ja akwatuna 30. Aikinsa kullum bayan sallar magariba ya tsaya wuri ɗaya, ƙofar gida ko baranda ko saman bene in da babba tare da shi, ya zana siffar wata, ya rubuta ta ina yake, yamma ko sama ko gabas, da tsayinsa daga ƙasa. Ma'aunin tsayi a jikinsa yake, ya miƙa hannu ya dunƙule, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, sai ya ƙirga dunƙule nawa daga inda sama ta haɗu da ƙasa ko rufin gidaje. Ranar da gajimare ya rufe ya rubuta gajimare, kar ya ƙirƙiro zane. Ka nanata wannan sosai, ka ce akwatin da aka rubuta ban gani ba yana da maki daidai da wanda aka zana, in ba haka ba za su kwafi na juna da safe.

Bayan sati biyu a baje littattafan a tebur. Za su ga da kansu jinjirin wata yana yamma ƙasa-ƙasa, a nan wajenmu ma sau da yawa a kwance yake kamar ƙwarya, kullum yana ƙara hawa da ɗan fiye da dunƙule ɗaya, ranar 7 ya zama rabi yana tsakiyar sama da magariba, ranar 14 ya cika yana fitowa daga gabas daidai lokacin da rana ke faɗuwa. Daga nan sai su fara kawo ƙara, malam wata ya ɓace. Bai ɓace ba, fitowarsa ce take jinkiri da kusan minti 50 kullum, sai ka ce toh yanzu a koma dubawa da asuba ko da safe a hanyar makaranta, a nan ne wasu za su fara ganin wata da rana tsaka a karo na farko a rayuwarsu.

Sai bayan sun tara wannan nake kawo bayani, ba kafin ba. Ɗaki mai duhu, ƙwan fitila ɗaya mai haske a gaba shi ne rana, kan yaro shi ne duniya, lemo a tsinke a hannunsa shi ne wata. Ya miƙa hannu ya ɗaga lemon sama da kansa kaɗan ya fuskanci fitilar, gefen lemon da yake kallo duhu ne, wata ya ɓuya kenan. Ya juya a hankali ta hagunsa, zai ga siririn haske ya bayyana a gefe, yana ƙaruwa, in fitila ta koma gefen damansa rabi, in ta koma bayansa lemon ya cika. Kowa sai ya yi da hannunsa, kallon wani yana yi baya wadatarwa, ko da zai ci firiyod biyu. Sannan ka tambaye su, lokacin da lemon yake rabi inuwar kanka ta taɓa shi? Za su ce a'a. Toh ashe ba inuwar duniya bace, ko yaushe rabin wata yana cikin hasken rana, mu ne muke ganin wani sashe na wannan rabin gwargwadon inda ya tsaya.

Daga ɓuya zuwa ɓuya kwana 29 da rabi ne, shi ya sa watanmu yake yin 29 ko 30. A ninka da 12 ya ba da 354, shekarar rana kuma 365 da kwata, bambanci kusan kwana 11, shi ke sa azumi yake matsowa duk shekara har ya zagaye damina da rani ya dawo inda ya taso cikin kamar shekara 33. Ka bar su su lissafa da kansu wane wata azumi zai faɗo in sun gama SS3.

Tunda muna bakin ruwa ka ƙara musu da cikar teku da janyewarta, sau biyu a rana, jan wata ne yake kawo shi, rana tana taimakawa. Duk wanda yake bin gadar Third Mainland ya riƙa leƙa gefen ruwa, wani lokaci laka a fili wani lokaci ruwa ya rufe.

Mataki na shida, husufi

Da lemon nan dai. Yanzu yaro ya sauke shi daidai saitin kansa, in fitila tana bayansa inuwar kansa za ta rufe lemon, husufin wata kenan, wanda a gida ake cewa wata ya yi zazzaɓi ko rana ta kama wata, yara su fito suna kaɗa gwangwani. In lemon ya shiga tsakanin idonsa da fitila, husufin rana. Su gane da kansu cewa na wata baya faruwa sai wata ya cika, na rana kuma sai a ƙarshen wata. Me ya sa ba duk wata ake yi ba? Hanyar wata a karkace take da kusan digiri 5, yawanci ta sama ko ta ƙasan inuwar yake wucewa.

Ina ba su labarin ranar 29 ga Maris 2006 da rana ta rufe ruf a wasu sassan ƙasar nan, ta kan Shaki a jihar Oyo har Gusau da Katsina, gari ya yi duhu da safe, su je su tambayi iyayensu ina suke a ranar. Akwai kuma na wata na 27 ga Yuli 2018 da ya yi ja. Wani babba na rana yana tafe 2 ga Agusta 2027 wanda zai bi ta kan Jidda da Makka. Kuma ina tuna musu hadisin ranar da ɗan Annabi (SAW) Ibrahim ya rasu aka yi husufi, ya bayyana wa mutane cewa rana da wata ayoyin Allah ne, basa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Sanin ranar da zai faru ta hanyar lissafi bai hana a yi sallarsa ba.

Gargaɗi kuma da babbar murya, ba a kallon rana kai tsaye, ko da baƙin tabarau, ko fim ɗin hoton asibiti, ko gilashin da aka shafa wa hayaƙi, ko a ruwan baho. Ido yana ƙonewa ba tare da an ji zafi ba. A huda kwali da allura a juya wa rana baya, hasken ya sauka a farar takarda, a kalli takardar.

Mataki na bakwai, a fita fili a ga nisa

Zanen littafi yana cutar yara, ya jera duniyoyi kusa da juna kamar tumatir a faranti. Ɗauki ƙwallon ƙafa, faɗinta wajen santimita 22, ita ce rana. A wannan sikelin duniyarmu ƙwayar gero ce, milimita 2, don rana ta ninka ta sau 109 a faɗi. Manna kowace a kati da sunanta. Makuri mita 9 daga ƙwallon, Zuhura mita 17, mu kusan mita 24, wata yana santimita 6 kacal daga ƙwayar geron, Mas mita 36. Jufita, wato Mushtari, ƙaramin goro ne a mita 123, a yawancin makarantun Legas ya riga ya fita katanga. Zuhal mita 225, Neftun sai ka yi tafiyar mita 700. Tauraro mafi kusa da mu bayan rana kuwa, 'yar ƙaramar ƙwallo ce da za a ajiye a nisan kilomita 6,000 da wani abu, ta wuce Makka nesa. A nan nake shigo da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, daga rana zuwa nan minti 8 da daƙiƙa 20, daga wancan tauraron shekara 4 da 'yan watanni. In tsohon littafi ne a hannunku mai duniyoyi 9 ka gyara, tun 2006 ƙungiyar masana falaki ta duniya ta mayar da Fuluto cikin ƙananan duniyoyi.

Mataki na takwas, dare ɗaya tare

Da izinin firinsifal da iyaye, a harabar makaranta ko filin masallacin unguwa, daga magariba zuwa isha kawai saboda gosulo da tsaro, 'yan mata kowace da wani nata, malama ma ta kasance a wurin. Ka zaɓi daren 6 zuwa 8 ga wata, lokacin ramuka da tsaunukan wata sun fi fita a bakin layin haske da duhu, in ya cika haskensa yana shafe su. Madubin hangen nesa na hannu ko na aro ne ya isa, ka jingina shi a kan katanga ko kujera don kar ya yi rawa. In Mushtari yana sama za a iya hango 'yan ɗigo a gefensa, watanninsa huɗu da Galileyo ya gani a 1610. Kafin ranar ka sauke Stellarium, manhajar da ke nuna taswirar sama, a waya ko kwamfuta, kyauta ne, ka sa Legas ka duba me zai fito.

Daga Disamba zuwa Fabrairu nemi taurari uku a jere, suna gabas da farkon dare a Disamba, a Fabrairu kusan bisa kai. Bi layinsu ta gefe ɗaya ka iske tauraron da ya fi kowane haske, ta ɗaya gefen ka wuce Aldabaran mai ja-ja ka iske Kaza da 'ya'yanta. Ka nuna musu tauraro yana ƙyaftawa, duniyoyi kuma haskensu a tsaye yake. Sannan ka faɗa musu Zara ta yamma da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, Zuhura ce, don ta fi mu kusa da rana shi ya sa ba a ganinta da tsakar dare. In an ɗauke wuta a unguwar a daren, toh ranar kun yi sa'a.

Darasin taurarin ɗan adam baya ɗaukar lokaci. Sputnik, tauraron ɗan adam na farko, 1957, Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, 1961, saukar Amurkawa a wata Yuli 1969, namu kuma hukumar sararin samaniya ta NASRDA da aka kafa 1999, NigeriaSat-1 a 2003, NigComSat-1R a 2011. Ka tura su su dubi dish ɗin unguwarsu su faɗi me ya sa baya motsi, amsar ita ce tauraron yana can kusan kilomita 36,000 sama da ikwaita yana zagaye ɗaya a yini ɗaya, tare muke juyawa.

Wajen maki ina ba littafin wata da teburin inuwa kaso mai tsoka a cikin aikin zango, kalmomin Turancin kuma dole su iya rubuta su daidai tunda da su za a tambaye su a jarrabawa, don haka duk kalmar da muka gane da lemo ina rubuta ta a gefen allo ta zauna har ƙarshen sati. A firiyod na ƙarshe nake dawo musu da takardun nan na ranar farko, kowa ya gyara amsarsa da jan biro ya rubuta abinda ya gani da idonsa da ya sa ya canza.

Maganar lokaci kuma, in kana da ikon juya tsarin zango kar ka sa wannan babin a zango na uku, Yuni da Yuli ruwa ne da gajimare, yara za su cika akwatuna da ban gani ba. Nuwamba zuwa Maris ya fi, ko hazo ya sauko wata da inuwar sanda suna fita. Abu ɗaya kawai nake ajiyewa na zango na uku, ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogonmu rana tana bisa Ka'aba daidai, in gari ya buɗe a fita wajen sandar nan, a ja layi daga ƙarshen inuwa zuwa gindin sanda, inda layin ya nufa nan ce alƙibla, sai a je a gwada da sahun masallacin makaranta. In ruwa ya hana, akwai 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27.